Sati Ɗayan da Na Ƙara a Guangzhou

Nana, ranar sunan ɗanki, bayan mutane sun watse, kin yi mini tambayar da na san ku duka ukun kun daɗe kuna riƙe da ita. Kika ce wai da gaske ne na auri 'yar Sin a ɓoye, shi ya sa mamanku ta bar gidana? Na yi dariya na ce ki kawo mini ruwa. Dariyar iyakarta baki. Tun ranar nake juya maganar, na ga gara in rubuta muku da hannuna tun ina da sauran ido, kada in mutu ku ci gaba da jin ta a bakin gwaggwanninku, waɗanda ko filin jirgi ba su taɓa raka ni ba amma sun san har tsawon gashin matar da na aura a can. Ban auri kowa ba. Mamanku ba ta yi yaji ba, kakanku Malam Sani kuma bai raba mu ba. Bakina ne ya raba mu, shi da wani ɗan maɓallin ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Kun taso kun ga rumfata a Kwari: zare, allura, zif, maɓallai. A wancan zamanin maɓallin wuyan kaftani iri biyu ne a kasuwa. Akwai na Dubai, wanda sai masu hali. Akwai na talaka, wanda in ka sa shi Juma'a biyu zai zubar maka da kore a wuyan farar shadda, tabon da ko wanki nawa ba ya fita. Kuma dukansu an yi su ne don rigar Turawa mai laushi, wuyansu gajere. Tamu shaddar kuwa an yi mata aiki, an sa mata sitaci, an kai ta bugu, ta yi kauri. Sai ka ga dattijo da furfurarsa yana kokawa da wuyan riga ana tayar da salla. Abin ya daɗe yana ba ni haushi, ni da nake sayar musu ina kallon idonsu. Wata rana na zauna na zana nawa a bayan kwalin zare: kai mai faɗi ba ado, wuya mai ɗan tsawo, gindi mai lanƙwashewa yadda zai shige ramin da sauƙi sannan ya tsaya. Fari nake so, ba ruwan gwal ba, tunda namiji zai sa ya yi salla. Kuma ina so ya yi arahar da ɗan dako zai saya bai yi ciniki ba. Wannan kwalin na sa a aljihu bayan Babbar Sallah na kama hanyar birnin Guangzhou a ƙasar Sin, na ce wa mamanku kwana arba'in zan yi.

A wata kasuwar sari a Liwan, inda za ka yi tafiyar rabin yini ba ka ga komai ba sai maɓalli, na haɗu da mutumin da ya yarda zai yi mini. Sunansa Chen, amma lawban muke ce masa, wato maigida. Siririn mutum ne mai tari, yana da 'yar masana'anta a bayan gari, injin zubi uku da mata goma sha wani abu masu tsince maɓallai. Ya dubi kwalina, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wuyan ya yi tsawo, ba a yin haka. Na tuɓe kaftanina a nan cikin shago na miƙa masa, na ce ya gwada sa nasa maɓallin a wuyan. Ya yi, ya yi, ya kasa. Sai ya yi dariya ya ɗaga mini babban yatsa. Daga nan aka shiga sassaƙa mazubi, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar tutiya a ciki ta fito da siffar maɓallin. Na farko ya fito da kaifi a baki, yana yankar zare. Ana cikin gyara sai sabuwar shekararsu ta zo, gari ya watse, kowa ya tafi ƙauyensu, kusan wata guda ba injin da ya motsa. Kwana arba'in ɗina suka ƙare ina zaune a masaukina a unguwar Sanyuanli ina kallon ruwan sama.

Ɗaki ɗaya muke da Malam Isufu, mutumin Maraɗi, mai sayen yadi. Ya girme ni, ya yi karatu sosai, shi ke ba mu salla a masaukin. Shi ya fara gaya mini cewa mai mazubi ba ya matsawa daga kan mazubinsa, in ka tafi ka bar shi kafin ka sauka Kano wani ya riga ka kai kayanka kasuwa. Na ɗauki wannan maganar na riƙe, domin ta yi daidai da abin da raina ke so. Sannan ga gwajina, wanda ba wanda ya koya mini. Bayan zubi ana tsoma maɓallin a wani farin ruwa don ya yi haske ya hana tsatsa. Chen yana da takardun gwaji masu tambari, ni kuwa ban yarda da takarda ba. Duk samfurin da ya fito sai na sa shi a wuyan farar riga, in fesa turare kamar yadda mutanenmu ke yi, in yi alwala sau biyar ruwa na gangarowa, in shiga zafin Guangzhou mai kama da tururin tukunya, kwana goma ban wanke rigar ba. In wuyan ya fito fes, ya ci. In na ga ko ɗigon kore, a sake. Sau huɗu ana sakewa. Malam Isufu ya ce shi dai a sake masa ɗaki, don warin binciken nan ya fi ƙarfinsa.

Kada ku ɗauka ban yi kewa ba. Wallahi na yi kewar da ban san namiji na yi ba. Yatsuna kauri gare su, kun sani, maɓallin sama bai taɓa sa mini da daɗi ba. A gida duk Juma'a mamanku ce ke sa mini, tana tsaye dab da ni, tana faɗan na cika motsi, ƙamshin man kanta na shiga hancina. A can sai in tsaya gaban madubin banɗaki ina fama, in tuna, in zauna a bakin gado riga a buɗe. Na yi kewar miyar kukarta, na yi kewar yadda take kiran Auta sau uku kafin ta taso masa da muciya. Abin da ban iya ba shi ne in faɗa mata. In na kira sai in tambayi ko an biya kuɗin makaranta, ko an gyara famfo, in ajiye.

A nan dole in faɗa muku abin da ba ku sani ba. Kafin wannan tafiyar na taɓa sakin mamanku sau biyu. Na farko kuna ƙanana, a kan maganar da yau ko tuna ta ba na yi. Na biyu a kan ta je suna gidan yayarta ban sani ba. Duka biyun kafin kwana uku na je biko ina sunkuyar da kai gaban Malam Sani. A na biyun ya riƙe hannuna ya ce, Garba, igiya ɗaya ta rage, ka iya bakinka. Na ce in Allah ya yarda. Zuciya gare ni, mai tashi kamar an zuba kananzir, ta sauka kafin a kawo ruwa. Amma abin da ta ƙona ya ƙonu.

Cikin Sha'aban aka fara wasannin Olamfik a Beijing. Ko'ina talabijin, ko'ina tuta, mai shagon shinkafa ma ba ya kallonka sai an gama tsere. Mu baƙaƙe kuwa gari ya yi mana zafi. 'Yan sanda na bin masauki suna duba fasfo, an daina sabunta biza yadda aka saba, mutanenmu da yawa suka tattara suka tafi. Ni tawa mai tsawo ce, na same ta tun kafin a matsa, za ta kai ni ashirin da biyu ga azumi. Wata la'asar, lokacin Kano da hantsi, na shiga shagon waya na kira gida. Wata takwas ke nan rabona da ku.

"Malam, yaushe za ka dawo?" in ji mamanku.

"Kafin Sallah, in sha Allahu."

"Haka ka ce kafin Mauludi. Haka ka ce kafin a yi hutun yara."

"To yanzu na gaya miki kafin Sallah."

"Ni dai na daina gaya wa yara. Auta kullum sai ya tambaya, na gaji da yi masa ƙarya a madadinka."

Kalmar ƙaryar nan ce ta hau mini kai. Ga zafi, ga hayaniyar talabijin, ga wani ɗan Gana a bayana yana jiran layi yana jin komai. So nake ta yarda da ni, wallahi iyakar abin da nake so ke nan. Sai na nemi magana mafi nauyi da na sani na ɗora a kai.

"To ki ji. In aka ga watan Sallah ban shigo gidan nan ba, na sake ki."

Ta yi salati a hankali.

"Malam, ka san saura nawa?"

"Na sani. Shi ya sa na faɗa, don ki san zan zo."

Na koma masauki ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki. Da na ba Malam Isufu labari sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Mi ka ce mata? Maimaita mini yadda ka faɗa."

Na maimaita. Ya ce wannan ba ta da gyara, ba a janye ta, ba a yi mata kaffara, ta rataya ke nan sai dai in riga watan Sallah isa gida. Ya ce in tashi yanzu yanzu mu je a yanki tikiti. Muka je, aka ba ni na ashirin ga azumi, kwana biyu kafin bizata ta ƙare, kwana tara ko goma kafin Sallah. Na kira mamanku na gaya mata ranar. A muryarta na ji ta yarda.

Samfuri na biyar ya fito farkon azumi, kuma shi ne kyakkyawan. Ka riƙe shi a tafin hannu, sumul, ba kaifi, gindin na lanƙwashewa da ɗan sauti mai daɗi. Chen har ya soma zubin kaya. Na sa shi a wuya na shiga gwaji da ƙishirwa da komai. Ran sha takwas ga wata bayan azahar na tuɓe rigar na kai ta bakin taga. A ƙarƙashin maɓalli na biyu akwai kore, ɗan mitsitsi, sai ka karkata rigar ga haske za ka gan shi. Na nuna wa Malam Isufu, ya ce shi bai ga komai ba. Na ɗauki tasi har masana'anta. Chen ya sa tabarau ya duba, ya ce meyo, wato babu. Da na matsa sai ya amsa cewa masu tsoma masa kaya an rufe su saboda wasannin, wani wuri ya kai, ruwansu bai kai na da kauri ba. Ya ce nasa mutanen sun buɗe, in ba shi sati ɗaya a sake tsoma duka a gabana. Ko kuma in tafi, ya yi ya aiko mini.

Da na ce masa to aiko, da yau ba na wannan rubutun. Amma ina cikin tasi ina lissafi. In na ɗaga zuwa ashirin da bakwai, ina da sauran kwana biyu ko uku. Biza za ta wuce da kwana biyar, amma shekarun baya na ga mutane sun wuce da fiye da haka, a filin jirgi ake cin su tara su hau. Malam Isufu ya bi ni har ofishin jirgi yana magana.

"Alhaji Garba, bana ba bara ba ce. Ka bar mini wanga aiki, ni in tsaya maka a kai."

"Malam, kai da ba ka ga koren ba, me za ka tsaya ka duba?"

"Ni ban ga kore ba, amma ina ganin abin da kai ba ka gani. Maɓalli ne fa. Ka tafi gidanka."

Na ce masa ya bar ni, na san abin da nake yi. Ya juya ya tafi. Na ɗaga tikitin. Na kira mamanku na ce jirgin ne ya cika, sun mayar da ni sati mai zuwa. Ƙaryar da na yi fushi don an jingina mini, ga shi na yi ta da bakin azumi.

Aka sake tsoma kayan ina tsaye, suka fito yadda nake so. Ran ashirin da bakwai da rana na isa filin jirgi da akwatina da tsarabarku. Ma'aikacin ya buɗe fasfo, ya ƙirga da yatsa, ya kira wani. Ba wanda ya yi mini tsawa, ba wanda ya wulaƙanta ni. Cikin ladabi suka ce ba a nan ake gyarawa ba, sai na koma ofishin cikin gari an ba ni takardar fita. Na roƙe su da Turanci, na roƙe su da Hausa, na ce ga tarar, suka ce ba a nan ba. Washegari tun kafin a buɗe ina bakin ofishin. Wata mata ta karɓi fasfona ta ba ni 'yar takarda, ta nuna mini kalanda a bango, ta ja yatsa a kan kwana bakwai masu jan rubutu. Hutun ƙasarsu ne, daga gobe. Ta ce in dawo bayan hutu. Na fito na zauna a kan matakala, mutane na wuce ni da 'yan tutoci, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Na yi addu'ar kada a ga wata, alhali na san ko azumi ya cika talatin ba abin da kwana ɗaya zai yi mini. Bayan kwana biyu da safe Malam Isufu ya dawo daga shagon waya ya zauna kusa da ni, ya ce an gani a gida. A Guangzhou ba a sha ruwa ba tukuna, mu muna da sauran azumi. Haka na wuni, bakina a bushe, Kano ana ta Sallah, ni kuma ba ni da mata. Na ɗaga waya sau uku ban iya kira ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan Sallah na shigo gida. Kun tuna kun rungume ni a zaure, Auta na jan akwati. Kun kuma tuna daga ranar a shagon waje na riƙa kwana, kuka zaci fushi muke. Idda take yi a ɗakinta, ni kuma na zama baƙo a gare ta. Da la'asar na aike ku gidan kakarku Hajiya da tsaraba, na je na tsaya a ƙofarta. Labule a sauke.

"Sannu da zuwa, Alhaji," ta ce daga ciki. Shekara goma sha tara tana ce mini Malam.

"Rabi, na zo."

"Na ji. Ya hanya?"

Na kwashe labarin filin jirgi da ofis da hutu na gaya mata, tana ji ba ta katse ni ba. Sannan na faɗi abin da abokaina suka ba ni shawara tun a mota, cewa akwai wanda za a samu ya aure ta kwana biyu ya sake ta, ta dawo ɗakinta.

"Kisan wuta kake nufi?"

Na ce shi nake nufi.

"A'a, Alhaji. Kai ka yi wasa da aurena, ni ba zan yi wasa da Allah ba." Muryarta ba faɗa a ciki, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Ran ashirin ga wata na yi lalle, na yi maka dambun nama, na sa yara sun share ɗakinka. Da gaske jirgin ne ya cika?"

"A'a."

"To me ya tsare ka?"

Na sa hannu a aljihu na ɗauko guda ɗaya, na durƙusa na tura shi ta ƙarƙashin labule. Na ga yatsunta sun ɗauka, da sauran jan lallen a farce. Ina jin sautin gindin tana lanƙwasa shi tana miƙewa.

"Wannan ne?"

"Shi ne. Kore ya yi a wuyan riga, na tsaya a gyara."

"Yanzu ya daina?"

"Ya daina."

"To, Allah ya sa masa albarka."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na san muryarta. Kuma addu'arta ta ci. Maɓallin nan ya shiga Kwari, ya shiga Maraɗi da Yamai, har Kumasi an kai shi. Shi ya yi muku makaranta, shi ya gina gidan da nake zaune ni kaɗai a cikinsa. Ita kuwa ta gama iddarta ta koma gidan Malam Sani, bayan shekara biyu ta auri mutumin kirki wanda ya iya bakinsa, kun san shi, kuma ina so ku ci gaba da girmama shi. Ban taɓa daina son mamanku ba, ko na yini ɗaya. Da za a ce in mayar da gidan da rumfar da duk abin da maɓallin ya kawo, a ba ni jirgin ran ashirin ga azumi, da ban tsaya neman takalmi ba.